Kurakuran da ke kashe ku a gem ɗin Mai Sulke

Shekara uku ke nan ina riƙe da shagon cajin waya a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, kuma a lungun shagon akwai ƙaramar talabijin da tsohon gem mai kaset. Cikin duk wasannin da ke kaset ɗin, babu wanda ke sa samari jifa da hannun gem kamar Ghosts 'n Goblins, wanda yaran nan suka laƙaba wa Mai Sulke. Kamfanin Capcom na Japan ne ya fitar da shi a 1985, aka kawo shi kan na'urar gem ta Nintendo mai suna NES a 1986, kuma na NES ɗin ne muke bugawa. Wasan yana da wuya, babu musu. Jarumin, Arthur, bugu biyu kawai yake ɗauka: na farko sulke ya tarwatse ya bar shi da gajeren wando, na biyu ya zube ƙasusuwa. Amma yawancin mutuwar da nake gani a shagon nan ku kuke jawo wa kanku, kuma kullum a wuri ɗaya.

Babban kuskure shi ne kwaɗayin tukunya. Gawawwakin da ke fitowa daga ƙasa a maƙabarta, wasu suna ɗauke da tukunya, in ka kashe su wani abu ya faɗo. Sai ka ga yaro ya ruga ya taka abin tun bai ga mene ne ba. To, makami biyar ne a wasan: mashi, wuƙa, wuta, gatari da garkuwa, kuma guda ɗaya kake riƙewa. Duk wanda ka taka, na hannunka ya tafi. In ƙaddara ta haɗa ka da wuta, ka shiga uku, domin ba ta tafiya miƙe, lanƙwasa take yi ta faɗi kusa da ƙafarka ta tsaya tana ci. In ka jefa biyu suka faɗi ƙasa, sai ka jira su mutu kafin ka sake jifa, kana ta danna maɓalli a banza, hankaka yana tahowa. Mutuwa ma ba ta raba ka da ita, da ita za ka tashi. Ni al'adata, da zarar na samu wuƙa ba na sake taka komai sai na tsaya na gani da idona. In wuta ce ta tare hanya, tsallake ta nake yi. Wasu abokaina sun fi son mashi, amma ni saurin wuƙa nake bi.

Tsalle kuma, in ka tashi sama ka tashi ke nan, ba ka iya juya akalarsa. Ka duba inda za ka sauka tukuna. Kada ka manta Arthur dama da hagu kawai yake jifa, ba ya jifa sama, don haka tsayawa ƙarƙashin abin da ke shawagi neman mutuwa ne. Ku kuma daina ɓarin mashi a kan duwatsun kabari don nishaɗi: in jifan ya yi yawa boka ne zai fito ya mayar da ku kwaɗo.

Sai jan aljanin nan mai fukafukai da ke zaune a ƙasa bayan maƙabarta. Nan ne nake jin haushinku ƙwarai. Kai, ƙanena, sau nawa zan gaya maka ba a gudunsa? Ka wuce shi a guje, ya biyo ka, ya riske ka a bakin ruwa kana shirin tsalle, sannan ka ce hannun gem ne ya lalace. Hannun lafiyarsa ƙalau. Wasu kuma su tsaya suna ta jifa barkatai yana sama, alhali kaucewa yake yi duk lokacin da ka jefa. Ga yadda nake yi: ina matsowa a hankali har ya bayyana a gefen allo, in fara jifansa tun yana zaune. In ya tashi sai in ja da baya, in bar shi ya kawo sura, in kauce, in juyo in jefe shi yana ƙasa-ƙasa. Ka koyi wannan tun a matakin farko, domin a kogon mataki na 3 irinsa ba ɗaya ba ne.

Agogon wasan ma yana kisa: in lokacin da aka ba ka ya ƙare, ka mutu. Haƙuri daban, zaman dirshan daban.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo shi ne na garkuwa. Wani dare bayan girbi, kwanakin da ake yin sanyi, na rufe shago na sa janareta don wasan kawai, da man da na ware na cajin gobe. Na haye matakai biyar da wuƙata, na hau tsanukan mataki na 6, na kashe shaiɗanu biyun da ke ƙarshensa hannuna yana rawa. Maimakon ƙofa ta buɗe, sai wasan ya mayar da ni mataki na 5, saboda ba garkuwa ce a hannuna ba. Na ga garkuwar a hanya, na tsallake ta da gangan don ba ta zuwa nesa. Kafin in sake hawa, mai ya ƙare, talabijin ta ɗauke, kuma wannan kaset ba ya ajiye inda ka tsaya. Washegari sai da na ba masu caji haƙuri har azahar. Don haka duk son da kake yi wa wuƙa, a mataki na 6 dole ka rabu da ita. Sai dai ka lura, garkuwa ba ta yi wa ƙaton dodo mai ido ɗaya da ke wannan matakin komai, ka gama da shi kafin ka ɗauke ta. Tana da amfanin da ba ku sani ba: tana tare abin da aka harbo maka.

Haka macijin nan mai tashi na ƙarshen mataki na 3, mashi ba ya cinsa. Kada ka isa wurinsa da mashi.

In Allah ya sa ka kashe babban dodon ƙarshe, kada ka ajiye hannun gem ka fara ihu. Wasan zai gaya maka duk abin da ka gani tarko ne, ya mayar da kai maƙabarta, sai ka sake zagaye na biyu, wanda ya fi na farko zafi, kafin ka ceto gimbiyar da aka sace, wadda Arthur ya fito nema. Saboda haka ni yanzu ba na fara shi don kaiwa ƙarshe sai na tabbata man janareta zai kai zagaye biyu. Masu bugawa a waya ta manhajar da ke kwaikwayon NES suna iya ajiye wasa, to ku ajiye a farkon mataki da sulke a jiki, ba a tsakiyar faɗa da gajeren wando da wuta a hannu ba.