Kurakuran da marubuta ke yi idan sun ƙago dutse a tsakiyar birnin labarinsu

A zauren marubutanmu na WhatsApp, duk wanda ya fara labarin jarumta sai ya kafa daula, ya gina mata babban birni, sannan ya dasa dutse a tsakiyarsa. Na duba irin waɗannan rubuce-rubuce da dama kafin a sake su, kuma kusan wuri ɗaya ake tuntuɓe. Dutsen zai fito a babi na ɗaya, mai tsananin tsawo da ban tsoro, daga nan ba ka ƙara jin ɗuriyarsa sai ranar da jarumi zai hau ya karɓo takobi.

Tushen matsalar shi ne marubuci bai tambayi kansa abin da ya zaunar da mutane a gindin dutsen ba. Ba a kafa gari don kyan kallo. Ɗauki Dala a Kano. Akwai tama a wurin, kuma masu tonon kayan tarihi sun samu alamun narkar da ƙarfe tun wajen ƙarni na 7. Ga ruwan Jakara kusa, ga tudun da ake hango maƙiyi tun daga nesa. To kai ma ka ba dutsenka aiki. In tama yake bayarwa, ka samu unguwar maƙera, ka samu zuga-zugi da hayaƙi, ka samu Sarkin Maƙeran da fada ke shakkar ɓata wa rai, tunda shi ke ƙera mashi. In kuwa maɓuya ne, ka samu kogo da rumbunan da ake ɓoye hatsi lokacin hari. Da ka amsa wannan tambaya, rabin tarihin ya rubuta kansa.

Sai kuma ɗora fada a ƙololuwa. Wannan kam ya zama ruwan dare. Wata marubuciya ta turo min babi inda sarki ke zaune a saman dutse da dawakai ɗari biyar da mata da bayi. Na tambaye ta, "Hajiya, wa ke hawa musu da ruwa?" Ta yi dariya, ta ce ba ta taɓa kawo wannan a ranta ba. Doki ɗaya ma ruwan da yake sha a wuni ya fi tulu guda, ga harawa, ga itacen girki. Gidan Rumfa, wanda Muhammadu Rumfa ya gina a mulkinsa na 1463 zuwa 1499, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yake, nesa kaɗan da Dala. Abin da Kanawa suka yi shi ne suka kewaye Dala da ganuwa, daga baya aka faɗaɗa ta har ta haɗiye Goron Dutse. In ka nace sai fada ta hau sama, to ka ba ta rijiya ko tafki, ko ka mai da wahalar ruwan ta zama rauninta ranar da aka yi wa birnin ƙawanya.

Wanda ya fi damuna shi ne tsohon nan mai farin gemu. Kun san shi. Jarumi zai same shi a bukka, ya zauna ya karanto tarihin dutse daga farko har ƙarshe, shafi huɗu, babu gardama babu mantuwa. Tarihin wuri ba ya zuwa da baki ɗaya, kuma ba ya canzawa dare ɗaya. Kundin tarihin Kano ya ce Bagauda, sarkin Kano na farko, ya zo ya tarar da mutanen Dala da bautarsu ta Tsumburbura, wadda Barbushe ya jagoranta tun kafin zuwansa, kuma Barbushe kaɗai ke shiga wurin bautar. An saba sa farkon mulkin Bagauda a 999, amma ba a rushe wurin bautar ba sai zamanin Sarki Tsamiya, shekara ɗari uku da wani abu bayan haka. Wangarawa kuma, waɗanda kundin ya ce su suka kawo Musulunci, suka iso a zamanin Sarki Yaji. Duk tsawon lokacin nan sarauta na gefe guda, masu dutse na gefe guda, ana zaman doya da manja. A nan labari yake, amma marubuta sai su tsallake shi da jimla ɗaya. Gyaran shi ne ka raba tarihin ga bakuna uku ko huɗu. Maroƙin fada ya ce kakan sarki ne ya kashe dodon dutse. Tsohuwa mai sai da daddawa ta ce ƙarya ne, yarjejeniya aka yi, shi ya sa har yau ba a hawa ranar Laraba. Malami ya ce duk tatsuniya ce, amma shi ma ba ya bi ta can bayan magariba.

Suna ma abin dubawa ne. Dutsen Zarkhalun ko wani abu mai kama da haka ba ya nufin komai a bakin mutanen birnin. Dala sunan mutum ne, in ji kundin. Ka laƙaba wa naka sunan wanda ya fara zama, ko siffarsa, ko wani abin da ya faru a kansa, sannan ka bar baki ya tauna shi har ya gajarce.

"Shekara dubu da suka wuce" kuma a rage ta. Mutanen da ba su da kalanda da sarakuna suke ƙirga, ko da shekarar fara, ko shekarar da ganuwa ta zube.

Kada kuma ka kwashi Dala ɗungurungum ka sauya wa Barbushe harafi biyu, mai karatu Bakano zai kama ka tun a shafin farko. Dubara za ka ara. In kana da hali ma, ka je ka hau wani dutse da ƙafarka, Dala ne ko Kufena a Zariya. Ka lura da inda numfashinka ya fara sama-sama, da jar ƙasar da ta manne maka a takalmi, da yadda kiran salla ke tasowa daga unguwanni daban-daban ba a tare ba. Ka koma da hunturu, lokacin da hazo ke rufe gari har ba ka ganin ƙofar birni. Mai tsaron da ka ajiye a saman dutsenka ma ba zai ga rundunar abokan gaba a irin wannan rana ba, sai dai ya ji haniniyar dawakai.