Kafin ka cusa innovation a takardar neman tallafi

Shekaranjiya ƙanena ya kawo mani takardar neman tallafi in duba mashi, shagon cajin waya zai buɗe a Ƙofar Ƙaura, wallahi sai da na ƙirga kalmar innovation, wato kawo sabon abu, sau bakwai a shafi guda. Na ce mashi kai, caji kau ai kowa na yi.

Fara da sanin asalinta. Daga Latin take, innovare, tushenta novus wato sabo, ta yaɗu a Turanci a ƙarni na 16. Kuma lokacin ba yabo ba ce fa, a 1548 Sarki Edward na 6 na Ingila har shela ya fitar yana jan kunnen masu kawo sabon abu a harkar coci, kusan yadda mu za mu ce ɗan bidi'a. Har gobe masu fassara littattafan addini da ita suke fassara bidi'a, to in kana gaban malamai ka san da wace ma'ana ka faɗe ta.

Masanin tattalin arziki Joseph Schumpeter na cikin waɗanda suka wanke ta a ƙarni na 20, ya raba ta da invention. Invention ka ƙirƙiro abu ne ko da a ɗakinka zai ƙare, innovation kuwa sai ya shiga hannun mutane suna mora. Dubi Mohammed Bah Abba, malamin da ya yaɗa firijin tukunya: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ruwan na bushewa yana tafiya da zafin, tumatir da yalo su yi kwanaki ba su lalace ba. Sanyin randa ai kakanninmu sun sani, shi dai ya kai abin ƙauyukan Jigawa, har ya ci kyautar kamfanin agogo na Rolex a 2000.

Wajen rubutu n biyu ce a jere a farkonta, mutane na yawan yar da ɗaya. Innovation sunan abin, innovative siffa, innovate aikin, innovator mai yin.

Kafin ka sa ta ka amsa tambaya ukku: da ya ake yi, me ka canza, wa ya samu sauƙi? In ka rasa amsa rubuta new kawai ka wuce.

Ƙanen nawa dai mun goge shida, mun bar guda inda ya ce zai riƙa zagaya rumfunan kasuwa da yamma yana karɓar wayoyi, ya maido su cike kafin a tashi.