Yadda Ake Shirya Mota Mai Jan Baya Domin Wasan Zamiya

Wasan zamiya shi ne tuƙin da direba ke sa bayan mota ya zame da gangan a kwana, mota mai jan baya kuwa ita ce wadda tayoyin baya ne ke tura ta. Aikin farko yana kan giyar da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin baya, domin idan taya ɗaya ce kaɗai ke juyawa, motar ba za ta riƙe zamiya a kwana ba. Saboda haka a sanya irin wadda ke tilasta wa tayoyin biyu juyawa tare. Wasu kan yi wa giyar walda don tayoyin su riƙa juyawa tare, amma hakan yana wahalar da tuƙin yau da kullum. Daga nan a ƙara faɗin juyawar sitiyari, a ɗan karkatar da saman tayoyin gaba zuwa ciki, a gyara birkin hannu. Lagireto ma yana bukatar kulawa, tunda inji kan yi zafi ƙwarai. A gwada motar a filin tsere kawai, da hular kwano.