Yadda Marubuci Ko Mai Zane Zai Karɓi Matashiya da Tukwici Daga Masu Bibiyarsa Ba Tare da Ya Ci Bashi Ba

Tsarin da zan yi bayani a kansa yana da sauƙin faɗa. Marubuci ko mai zane yana sanar da masu bibiyar aikinsa cewa a rana kaza zai karɓi matashiya, wato 'yar gajeriyar shawara ta abin da suke so ya yi waƙa, labari ko zane a kai, sannan ya zauna ya yi aikin, su kuma waɗanda abin ya ƙayatar su ba da tukwici ko su yi karo-karo su biya kuɗin fitar da aikin ga kowa. Tara kuɗi daga hannun jama'a domin aikin fasaha tsohon abu ne, domin a shekarar 1885 ɗan jaridar nan Joseph Pulitzer ya tara sama da dala 100,000 daga mutane fiye da 120,000 don a kammala dandamalin Mutum-mutumin 'Yanci da ke birnin New York na Amurka, kuma mafi yawansu abin da suka bayar bai kai dala ɗaya ba. Abin da intanet ta ƙara shi ne mai bayarwa yana iya cewa ga abin da yake so a yi, kuma a nan ne masu farawa suke faɗawa rami. Ba zan tsaya kan yadda ake rubuta labari ko yadda ake samun masu bibiya ba, domin wanda bai da mutum goma da ke karanta aikinsa a kai a kai lokacin wannan tsari bai yi masa ba tukuna.

Mataki na farko shi ne ka auna saurin hannunka kafin ka sanar da kowa komai. Ka zaɓi matashiya uku da kanka, ka sa agogo, ka rubuta ko ka zana su har su kai matsayin da ba za ka ji kunyar nuna su ba, tare da lissafa lokacin gyara. Yawancin mutane suna lissafa lokacin rubutun farko ne kawai, su manta cewa gyara da sake karantawa da amsa saƙonni sukan ci lokaci kwatankwacin rubutun kansa. Adadin da wannan gwaji ya ba ka, ka rage kashi ɗaya cikin uku daga ciki, abin da ya saura shi ne iyakar aikin da za ka iya yi wa mutane alƙawari a zama ɗaya.

Mataki na biyu shi ne hanyar karɓar kuɗi, kuma a gama da shi tun kafin ranar. Akwai shafukan intanet na karɓar kuɗi irin su Ko-fi da Buy Me a Coffee waɗanda aka gina su domin ƙananan kyaututtuka na lokaci ɗaya, akwai Patreon da aka kafa a 2013 domin biya na wata-wata, akwai kuma Kickstarter da ya fara a 2009, wanda ƙa'idarsa ita ce idan ba a kai adadin da aka nema ba babu ko sisi da zai shiga hannun mai aikin, idan kuma an kai yana cire kashi 5 cikin ɗari ban da kuɗin hidimar biya. Ni a ganina mai farawa ba shi da wani aiki da Kickstarter ko Patreon, abin da yake buƙata hanya ce guda ɗaya mai sauƙi da mutum zai aika masa kuɗi cikin minti ɗaya. Ka tabbatar cewa hanyar da ka zaɓa tana biyan mutanen ƙasar da kake zaune, domin ba kowace ce take yi ba, sannan ka sa wani amintacce ya aiko maka da ɗan abu kaɗan, ka bi kuɗin har ka ga sun sauka a asusunka na banki. A lura kuma da la'adar da ake cirewa. Kamfanin Stripe mai sarrafa biyan kuɗi ta intanet, alal misali, yana cire kashi 2.9 cikin ɗari da ƙarin santi 30 a kan kowane biya na kati a Amurka, wanda ke nufin tukwicin dala ɗaya kusan sulusinsa ya tafi, alhali na dala goma santi 59 ne kawai zai fita. Saboda haka ya fi kyau ka roƙi mutane su haɗa abin da za su bayar su aiko sau ɗaya maimakon su riƙa tsattsaga shi.

Yanzu sai mataki na uku, wato rubuta sanarwar buɗe ƙofa, kuma a nan zan daɗe, domin a nan na yi tuntuɓe, a nan kuma na ga wasu da yawa sun yi.

Karo na farko da na gwada wannan tsari, na rubuta cewa duk wanda ya ba ni matashiya zan rubuta masa wani abu, kuma duk wanda ya ga dama ya ba da tukwici. Ban sa ranar rufewa ba, ban faɗi adadi ba, ban kuma raba tsakanin matashiya da kuɗi ba. Kafin kwana uku matashiya ta taru fiye da abin da zan iya gamawa a wata biyu, kuma wasu sun aiko da kuɗi tare da tasu. Wata mai karatu ta aiko da tukwici mai tsoka haɗe da shafi biyu na bayani, har da sunayen taurari da yadda labarin zai ƙare. A zuciyarta ta saya, kuma tana da gaskiya, domin babu inda na ce mata ba haka ba ne. Na shafe makonni ina rubuta labarin da ba nawa ba, waɗanda suka ba da matashiya mai kyau ba tare da kuɗi ba suna jira, daga ƙarshe na mayar wa mutane huɗu kuɗinsu tare da ba su haƙuri. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wasu daga cikin masu karatuna na tun farko sun daina magana, kuma na san dalili.

Daga nan na koyi cewa sanarwa dole ta ƙunshi abubuwa huɗu a fili. Dole a faɗi lokacin buɗewa da na rufewa, kuma kada ya wuce yini ɗaya. Idan lokaci ya cika ka rubuta cewa an rufe, ko da wanda ya makara babban abokinka ne, sai ka ce masa ya ajiye tasa zuwa zama na gaba. Dole a ba da jigo guda ɗaya da duk matashiya za ta zauna a ƙarƙashinsa, kamar ƙaura, ko gado, ko dare, domin idan ka ce wa mutane su kawo komai, ko dai su yi shiru saboda sun rasa ta inda za su fara, ko su kawo abubuwan da ba ka da masaniya a kansu. Dole a faɗi abin da ba za ka taɓa ba, kuma a cikin wannan ka sa taurarin littattafai da finafinan wasu, domin karɓar kuɗi a kan abin da haƙƙin mallakarsa yake hannun wani yana iya jawo maka ƙara. Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne jimla ɗaya da ke cewa matashiya kyauta ce, ba da ita ba ya wajabta maka rubutawa, kuma tukwici godiya ce a kan aikin da aka riga aka yi. Wanda yake son a yi masa aiki bisa umarninsa daga farko har ƙarshe, wannan kwangila ce, tana da nata farashi da nata yarjejeniya, kuma a yi maganarta a keɓe a wata rana dabam.

Yana da kyau ka koya wa mutane yadda matashiya mai amfani take, ta hanyar ba su misali biyu ko uku a cikin sanarwar. Wanda ya ce a rubuta labarin soyayya bai ba ka komai ba. Wanda ya aiko da shafi biyu kuma bai bar maka wurin numfashi ba. Amma wanda ya ce, tsohuwa ta tarar da wasiƙar da ba a buɗe ba a aljihun rigar mijinta bayan rasuwarsa, ya ba ka mutum da wuri da tambaya a cikin layi ɗaya, ya kuma bar maka abin da ke cikin wasiƙar. Ga mai zane ma haka ne, a ce tsuntsu a kan igiyar shanya bayan an ɗauke ruwa ya fi a ce a zana wani abu mai kyau. Ni nakan ƙayyade layi biyu ga kowace matashiya, matashiya uku ga kowane mutum, kuma ban ga dalilin da zai sa wani ya sassauta fiye da haka ba. Akwai wata dabara da ke rage aiki ƙwarai, wato haɗa matashiyar mutum biyu ko uku a cikin aiki ɗaya, kuma sau da yawa abin da ya fito daga irin wannan haɗi ya fi kowace ɗaya daga cikinsu armashi.

Mataki na huɗu shi ne ranar aikin kanta. Ka buɗe littafin lissafi, ko na takarda ko na kwamfuta, mai gurabe biyar: sunan da mutum yake so a kira shi da shi, matashiyarsa, abin da ka yi da ita, kuɗin da ya shigo, da abin da ya rage a kanka. Kada ka dogara da ƙwaƙwalwarka. Aikin farko da ka gama ka sake shi kyauta ga kowa da wuri, domin shi ne yake nuna wa masu kallo daga gefe cewa abin da gaske ne, kuma yawanci bayan fitarsa ne sababbin mutane suke shigowa. Sauran ayyukan kuwa, ka aika wa mai matashiyar nasa a keɓe ya karanta, sannan ka sanar da jama'a taƙaitaccen bayaninsa da tsawonsa da abin da za a biya kafin a fitar da shi fili. Farashin ya bi tsawo ko lokacin da aikin ya ci, bisa awon da ka yi a mataki na farko, kuma matakai uku sun isa: gajere, matsakaici da dogo. Dogon aiki da mutum ɗaya ba zai iya ɗauka ba sai a buɗe masa karo-karo, a riƙa sakin baiti ko sakin layi gwargwadon abin da ya shigo, ko a nuna zanen fensir tukuna a fitar da mai launin idan kuɗin ya cika. Wannan hanya tana ba mai ƙaramin ƙarfi damar sa hannu, kuma mutane suna son ganin abu yana ƙaruwa a gabansu. Tukwicin da aka bayar ba tare da an ambaci wani aiki ba, ka tara shi wuri ɗaya, a ƙarshe ka bar masu bibiya su zaɓi aikin da za a fitar da shi.

Kada ka karɓi kuɗin abin da ba ka gama ba. Idan wani ya aiko kafin lokaci, ka gaya masa nan take cewa za a ajiye masa ne har ya zaɓa daga cikin abin da aka kammala.

Game da haƙƙin mallaka, ka rubuta tun a sanarwa cewa aikin naka ne, mai matashiya da mai biya za a ambace su da godiya idan suna so. A dokokin mafi yawan ƙasashe ra'ayi kawai ba shi da kariya, abin da aka rubuta ko aka zana shi ne yake da ita, amma faɗin hakan tun farko yana hana ɓacin rai. Ka sani kuma cewa mujallu da gasanni da yawa ba sa karɓar aikin da aka taɓa sakinsa ga jama'a, don haka idan wani labari ya fito da kyau sosai har kana tunanin kai shi wani wuri, kada ka sa masa farashi.

Bayan an rufe, ka fitar da taƙaitaccen rahoto cikin mako guda: matashiya nawa ta zo, ayyuka nawa aka yi, wanne aka biya, wanne yake jira, tare da godiya ga waɗanda suka yaɗa sanarwar, domin su ma sun ba da gudummawa ko da ba su ba da kuɗi ba. Ka ajiye bayanan kuɗin saboda haraji, tunda ƙasashe da yawa suna ɗaukar irin wannan tukwici a matsayin kuɗin shiga. Ayyukan da ba a biya ba su zauna a jeri, sau da yawa wani yakan ɗauke su bayan watanni. Ka tsayar da rana ɗaya a wata don zama na gaba, kuma kada ka buɗe shi matuƙar akwai wani abu a gurbi na biyar na littafin lissafinka. Idan ka yi zama shida a jere ba tare da saɓa rana ba, kuma mutane ɗaya ne suke dawowa suna bayarwa, a lokacin ne za ka iya ba su zaɓin biya na wata-wata, sannan ka fara tattara abin da aka rubuta domin ya zama littafi.