Yadda Nake Gwada Ƙaramar Laftof Ta Aiki Kafin In Biya Kuɗi

Shekara huɗu na yi ina rataye da wata ƙatuwar laftof mai inci 15.6, nauyinta ya haura kilo biyu, ga cajarta kamar bulo. Aikina duba littattafan kuɗi na ƙungiyoyin manoma, yau Bajoga, gobe Kaltungo, jibi Dadin Kowa. Da kafaɗata ta fara ƙorafi sai na koma barin ta a gida nan Tumfure, in rubuta lissafi a takarda, in na dawo da dare in kwafe. Aiki biyu ke nan, kuɗin ɗaya.

Yanzu ThinkPad X1 Carbon nake riƙe da ita, tokumbo, inci 14, kilo ɗaya da ɗan ɗoriya. Tana shiga jakar da nake zuba fayil, har nakan laluba in tabbatar tana ciki. 'Yan ajinta su ne Dell Latitude 7390 da HP EliteBook 830, masu inci 13.3. Don ma'aikatan kamfanoni aka ƙera su, shi ya sa jikinsu ya fi ƙwari, maɗaurin murfin ba ya saurin sakwarkwacewa, fuskar kuma galibi ba ta ƙyalli, kana iya karanta lissafi a gindin darbejiya da rana tsaka. In kamfanonin Turai da Amurka sun sauya wa ma'aikatansu sababbi, tsofaffin ne ke gangarowa kasuwanninmu. A ganina, irin wannan ta hannu ta fi sabuwa fil mai araha da jikin roba. Amma fa sai ka gwada, don tokumbo suna suka tara.

Da batir nake farawa, domin nan na taɓa ƙonewa. Wani mai shago ya rantse mini cewa tana awa shida, na biya, ban kai Kumo ba ta mutu a cinyata cikin mota. Tun daga ranar ba na tambayar kowa, kwamfutar nake tambaya. Ka buɗe Command Prompt, wato baƙin shafin da ake rubuta wa Windows umarni, ka rubuta powercfg /batteryreport, ka danna Enter. Za ta nuna maka inda ta ajiye rahoton. Buɗe shi ka nemi layi biyu: Design capacity, wato abin da batirin ke ɗauka ranar da ya fito daga kamfani, da Full charge capacity, abin da yake iya ɗauka yau. In na biyun bai kai kashi 70 cikin ɗari na na farkon ba, ko dai a rage maka kuɗin sabon batir, ko ka ajiye musu kayansu. Ranar da na yi wannan a gaban wani yaron shago, leƙowa ya yi ya ce, "Yallaɓai, kai ma gyara kake yi ne?" Na ce masa a'a, wanda maciji ya sara ne, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Sai ƙwaƙwalwar, wato processor, injin da ke sarrafa aikin kwamfutar. Kada "Core i7" da aka manna a jiki ya ruɗe ka, zubin ne abin dubawa. In ka ga i5-8250U, lambar 8 da ke bayan ɗan layin nan tana nufin zubi na takwas. Wannan ya zama dole yanzu, saboda Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas na Intel take farawa, tare da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfutar. Za a ce maka ai an ɗora wa ta zubi na shida Windows 11 kuma tana tafiya. Gaskiya ne, ta bayan gida aka shigar da ita. Ni dai ba na ɗora lissafin kuɗin mutane a kan irin wannan.

Ga wani tarko da ƙananan nan ke da shi: a X1 Carbon, ram ɗin, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, liƙe yake a jikin allon ciki, ba a ƙara shi. Abin da ka saya da shi za ku rabu. Saboda haka kada ka karɓi ƙasa da giga 8, in da hali 16. EliteBook 830 G5 kuwa tana da gurbi biyu, kana iya ƙarawa daga baya in kuɗi sun samu. Ma'ajiya ta zama SSD, wato irin mai saurin nan, giga 256 ya ishi mai Word da Excel.

Kashe ta ka kunna, ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar da ake shiga kafin Windows ta tashi, ta hanyar danna F1 a ThinkPad, F2 a Dell, F10 a HP. In ta nemi kalmar sirri kuma mai shagon bai san ta ba, kulle kamfanin da ya yi amfani da ita ne, ka yi sallama kawai. Daga nan buɗe Notepad ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, ka sa farin shafi ya cika fuskar ka duba tabo, ka soka filashi a kowace kafa, ka kunna kyamara. Minti goma ne. Mai gaskiya ba zai ƙosa ba.

To, ka saya. Abin da ya fi burge ni a zaman yau da gobe shi ne caji ta kafar USB-C. Caja ɗaya mai wat 65 ke ɗaukar laftof da wayata, kuma ina da fawabank mai ƙarfin da zai iya cajin laftof. Ka lura, ba kowane ke iyawa ba, sai wanda aka rubuta PD a jikinsa da wat 45 ko sama. In an ɗauke wuta ana tsakiyar taro a ƙauye, ba na neman mai janareta.

Zafin Gombe a watan Maris da Afrilu ba ya raga wa batir. Kada ka bar ta cikin mota a rufe, kada ka ɗora ta kan katifa ko darduma tana aiki, don iska ta ƙasa take sha. Ni faifai nake kifawa in ɗora ta a kai, uwargida ta gaji da nema ta bar mini shi. In mafi yawan aikinka a jone da wuta kake yi, a ThinkPad shiga manhajar Lenovo Vantage ka tsayar da caji a kashi 80, batirin zai fi daɗewa. Ranar tafiya sai ka cika shi. Da hunturu ƙura kan toshe fanka, za ka ji tana huci kamar wadda ta yi gudu, a kai wa mai gyara ya buɗe ya hure. Da damina kuwa, in zan hau acaɓa, cikin leda nake sa ta kafin ta shiga jaka.

Wata 'yar ƙanwata da ke karatu a Kashere ta ɗauke ta ta juya, ta ce, "Kawu, ina wurin saka wayar intanet?" Babu shi, sai da ɗan mahaɗi na daban. Sifikarta ma ba ta cika ɗaki. Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, ni da nake wuni da lambobi, shi ne rashin maɓallan lissafi na gefen dama. Makon farko sai in kai hannu in daki tebur. Ƙarshe na sayi ɗan ƙaramin allon lambobi mai wayar USB, bai kai tafin hannu biyu ba, yana zaune a aljihun jaka tare da caja da biro.