Darasi na Tara: Tsatsar Kan Batir da Mahaɗar Waya a Jirgin Ruwa

Masunta da masu fito a Kogin Kaduna da dam ɗin Kangimi da yawa sun sa batir a jiragensu, don tayar da inji, ko kunna fitila, ko famfon kwashe ruwa. Idan inji ya ƙi tashi, akasari batir ake ɗora wa laifi, a sauke shi a kai caji. Sau da yawa kuwa batirin lafiyarsa ƙalau. Wutar ce ta rasa hanya a inda waya ta haɗu da ƙarfe.

Abin da ke kawo ta

Cikin waya jan ƙarfe ne. Idan laima da iska suka same shi, sai ya yi baƙi, daga baya ya yi kore. Wannan dattin ba ya barin wuta ta wuce sosai, sai mahaɗar ta riƙa ɗaukar zafi. A kan batir kuma za ka ga farin gari ko shuɗi. Wannan tururin ruwan batir ne yake cin ƙarfen. Ruwan koginmu ba shi da gishiri irin na teku, don haka cin nasa a hankali ne. Amma daga Yuni zuwa Satumba cikin jirgi ba ya bushewa, ƙurar da hunturu ya bari a mahaɗa kuma tana riƙe laima.

Yadda za ka gane

Fitila na dishi-dishi, ko tana ɗaukewa idan jirgi ya girgiza. Ka murɗa makulli ka ji "ƙas" kawai. Bayan ka gwada tayar da inji, taɓa kan batir: idan da zafi, matsalar a nan take. Mai mitar auna wutar lantarki ya auna. Batir mai bolt 12 da ya cika, ya kuma huta, yana nuna kusan 12.6. Sai ka ɗora tsinken mita ɗaya a kan sandar batir, ɗaya a kan maƙalar da ta rungume ta, wani ya tayar da inji. Idan abin da mita ta nuna ya haura bolt 0.2, mahaɗar na cin wuta.

Wanki

Kashe inji. Ban da taba, ban da wuta a kusa, domin batir na fitar da iska mai kamawa. Kare idonka, ka sa safar roba. Fara kwance baƙar waya mai alamar ɗebewa, sannan ja mai alamar tarawa. Dalili: idan ka fara da ja, sifana ta taɓa jikin inji, tartsatsi zai tashi.

Jiƙa kanwa, kamar cokalin cin abinci ɗaya a kofin ruwa. Sodar yin burodi ma daidai take. Shafa da tsohon buroshin haƙori. Za ka ga kumfa, alamar tana kashe ruwan batir ke nan. Ci gaba har kumfar ta daina. Kada ko ɗigo ya shiga ramukan batir, zai raunana shi. Ɗauraye da ruwa mai tsabta, ka goge, ka bari ya bushe sarai. Sannan ka goge sandar da cikin maƙalar da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli. Cikin maƙalar ne mutane ke mantawa, alhali ta nan wuta ke bi.

Yanzu duba wayar kanta. Feɗe robar kaɗan. Idan silin ciki baƙi ne, tsatsa ta bi ta ƙarƙashin roba kamar yadda gara ke cin azara ta ciki. Yi ta yankewa har ka kai inda jan ƙarfe ke sheƙi. Idan tsawon ya gaza, canja wayar dungum. Gogewa ba ta ceton irin wannan.

Haɗawa

Murɗe waya biyu a naɗe da salatef aikin gida ne, ba na ruwa ba. Salatef na sakewa, ruwa ya shige ya kwanta. Sayi kan waya mai zobe daidai kaurin wayarka, ka matse shi da filayar matsewa, ka ja da ƙarfi ka ga bai zare ba. Rufe wuyan da robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi. Mai gam a ciki ta fi. Idan ka je saye a Panteka ko wata kasuwa, kankare silin wayar da wuƙa. Wadda ta nuna fari a ciki alminiyom ce da aka shafa wa jan ƙarfe, ba ta jure laima. Akwai kuma wayar jirgi ta musamman, fara a waje, ja a ciki. Ita ce ta fi ƙarko, sai dai tsada.

Mayar da ja tukuna, baƙa daga ƙarshe. Zoben ya zauna kai tsaye a kan ƙarfen batir, washa ta biyo a sama, sannan noti. Ɗaure da sifana har maƙalar ta ƙi juyawa da hannu. Bayan ɗauri ne ake shafa basilin ko giris, a lulluɓe ko'ina. Baƙin man inji ba ya wannan aiki, ƙura kawai yake tarawa.

Sa batir cikin akwatin roba mai hujin shan iska, a ɗage shi daga ruwan da ke kwanciya a ƙasan jirgi, a ɗaure shi kada ya yi yawo. Bar wa kowace waya ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga mahaɗa, ruwan da ya biyo ta ya ɗige a nan. Fiyus ya kasance a kan jar waya, bai wuce taƙi ɗaya daga batir ba. Da damina duba mahaɗa duk wata, ka sabunta basilin.

Aiki

Ku zo da guntun tsohuwar waya aji na gaba. Kowa zai feɗe tasa, ya rubuta launin da ya gani a ciki, da santimita nawa ya yanke kafin ya kai wuri mai sheƙi.