Yadda Ake Bin Turbar Magangara Goma ta Silver Falls a Ranar Ruwan Kaka

Gandun dajin Silver Falls yana jihar Oregon a arewa maso yammacin Amurka, kimanin kilomita 40 daga birnin Salem, kuma an buɗe shi ga jama'a a shekarar 1933. A cikinsa akwai turbar ƙafa mai tsawon kusan kilomita 12 wadda take zagayawa ta gaban magangarar ruwa guda goma, huɗu daga cikinsu ma ta bayan ruwan ake wucewa. A wannan yanki kaka ita ce farkon ruwan sama, ba ƙarshensa ba, don haka wanda ya ce sai gari ya washe zai je, zai iya jira har ganye ya gama zuba.

Da farko a zaɓi lokaci. A watan Satumba ruwan kwazazzabon da turbar ke bi ya ja baya saboda rani, har magangarar Winter Falls takan kusa ƙafewa. Daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba ne ake samun abu biyu tare: rafukan sun fara cika, ganyen itatuwan maple masu faɗi kuma ya koma rawaya a tsakanin dogayen itatuwan fir da ba su canja launi. Yayyafi ko ruwa mai sauka a hankali ba ya hana tafiya. Abin da ke hana ta shi ne iska mai ƙarfi, domin idan ƙasa ta jiƙe rassa sukan karyo, wani lokaci itace ɗungurungum ya faɗi a kan hanya. Idan hasashen yanayi ya ambaci guguwa, a ɗage tafiyar.

Sai batun sutura, wanda a nan ne mafi yawan baƙi suke kuskure. Kada a sa auduga a jikin fata, ko singileti ko wandon jins, saboda auduga tana shan ruwa ta riƙe shi, kuma da zarar mutum ya tsaya hutawa sai sanyi ya shige shi, ko da ma'aunin zafi bai sauka ƙasa da digiri 10 ba. A sa rigar ulu ko ta roba a ciki, a ɗora mai ɗumi, sannan rigar ruwa mai hula a sama. Laima ba ta da amfani sosai, domin a bayan magangara feshin ruwa ta gefe yake zuwa, kuma ana bukatar hannu a sake don riƙe ƙarfen matakala. Takalmi ya kasance mai haƙora a ƙasa, a kuma ajiye safa ta biyu cikin leda tare da waya. Tocila, ruwan sha, filas na shayi da ɗan abin taɓawa sun isa sauran kayan jaka.

A isa wurin ajiye motoci na South Falls da hantsi, a biya kuɗin ajiye mota, a ɗauki taswirar takarda, domin sabis na waya ba abin dogaro ba ne a cikin kwazazzabon. Ba a yarda a shiga turbar kwazazzabon da kare ba.

Daga nan sai a gangara zuwa South Falls, mai tsayin mita 54. Turbar tana shiga wani kogo a bayan ruwan, inda rugugin ke hana mutum jin maganar na kusa da shi, ruwa kuma yana ɗigowa daga rufin dutse. Samuwar kogon tana da dalili: saman dutsen narkakken dutse ne da ya malalo ya daskare kimanin shekara miliyan 15 da suka wuce, a ƙarƙashinsa kuma akwai dutse mai taushi wanda ruwa ya yi ta ci. A nan a rage sauri, a taka da dukan tafin ƙafa. Jiƙaƙƙen ganyen da ya kwanta a kan dutse ya fi taɓo santsi, haka ma katakon gadoji da saiwoyin da gansakuka ta lulluɓe.

Bayan doguwar matakalar da ke sauka zuwa Lower South Falls akwai mararraba, kuma nan ne wurin yanke shawara ta farko. Wanda ke tare da yara, ko wanda safarsa ta riga ta jiƙe, ya bi turbar Maple Ridge ya koma mota, zagayen da bai wuce kilomita 4 da ɗoriya ba. Mai ci gaba zai wuce magangarun Lower North, da Double Falls da ke ɗan ratse, da Drake Falls wadda aka sa wa sunan June Drake, mai ɗaukar hoton garin Silverton da ya yi fafutukar a kare wurin, har ya kai Middle North. Gaba kaɗan akwai mafita ta biyu ta Winter Falls, wadda ke mayar da tafiyar kusan kilomita 8.

Agogo ne ya kamata ya yanke hukunci a wannan mararraba, ba ƙarfin jiki ba. Cikakken zagaye yana cin awa uku zuwa biyar, kuma bayan an mayar da agogo baya da awa ɗaya, kamar yadda ake yi a can kowace shekara a Lahadin farko ta Nuwamba, rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 5, duhu kuwa yana riga sauka a cikin kwazazzabo. Mai salla ya lura cewa azahar da la'asar suna matsowa kusa da juna a wannan lokaci. Idan ƙarfe 2 ta yi ba a wuce Middle North ba, a fita ta Winter Falls.

Wanda ke da lokaci ya ƙarasa North Falls, mai mita 41, wadda kogonta ya fi sauran zurfi, kuma a ganina nan ne ya fi dacewa a zauna a sha shayi ba tare da ruwa ya taɓa mutum ba. Daga can a hau matakala, a leƙa Upper North, sannan a kama turbar bakin kwazazzabo wadda ba ta da hawa sosai. Da isa mota a cire jiƙaƙƙun kaya a sa busassu kafin a kama tuƙi, domin hanya mai lamba 214 tana da kwana da yawa kuma hazo yakan sauka mata da yamma.